Kafin ka sayi a-kori-kura ta hannu, ka fara kwanciya a ƙarƙashinta

A Jos, idan mutum zai sayi mota ta hannu, abin da ya sani shi ne ya ɗauko makanikensa, a tayar da inji, a kasa kunne, a duba hayaƙin salansa, a zaro ma'aunin baƙin mai a murza a yatsa. Inji ya yi lafiya, giya tana shiga, sai a koma inuwa a fara ciniki. Da wuya ka ga wanda ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi. Ban ga laifinmu sosai ba. Garinmu a kan tudu yake, kusan mita 1,200 sama da teku, iskar gishiri ba ta iso mu, kuma duk sanyin da muke sha a Disamba bai kai a watsa wa titi gishiri ba. Shi ya sa idonmu bai saba da irin tsatsar da take cinye mota daga ƙasa ba. Matsalar ita ce yawancin motocin da ake kawo mana yanzu ba a nan suka yi ƙuruciyarsu ba.

Na taɓa raka kawuna, wanda yake ɗauko dankali daga Bokkos, duba wata a-kori-kura da aka shigo da ita daga waje. Fara ce tas, kujerunta ko tabo babu, ƙarƙashinta kuma baƙi wuluk da sabon fenti. Dillalin ya ce, "Alhaji, wannan ko buhu ɗaya ba ta taɓa ɗauka a ƙasar nan ba." Gaskiya ya faɗa. Wani dattijo mai walda da muka je da shi ya nemi izini, ya kwanta da 'yar gudumarsa, yana bin ƙarfen da ƙwanƙwasa tun daga gaba. Ƙarfen yana amsawa ƙwal, ƙwal, har ya iso inda sifirin baya ya kama, sai sautin ya koma tim. Ya sa sukudireba ya danna, ta shige har mariƙi, jar tsatsa ta zubo masa a ƙirji kamar ɓawon gyaɗa. Kawu ya leƙa, ya miƙe ya kaɗe gwiwar wandonsa, ya ce wa dillalin, "Allah ya kawo kasuwa." Da an loda wa motar nan buhunan dankali an hau hanyar Mangu da ita, Allah kaɗai ya san inda za ta karye.

Casis shi ne ƙashin bayan irin wannan mota. Dogayen ƙarafa ne guda biyu daga gaba har baya, da gajeru da suka gitta suka haɗe su, kamar tsani a kwance. A kansa gidan direba da bayan ɗaukar kaya suke zaune, kuma a jikinsa aka ɗaure inji da giya da tanki da ƙafafu. Inji in ya buga, ka je Dilimi, inda ake sayar da kayan mota a Jos, ka sayo wani, cikin kwana biyu ka dawo hanya. Casis in ya ruɓe, sai an sauke komai da ke kan motar kafin a canza shi, kuɗin aikin kuma sau da yawa ya kusa kuɗin wata motar.

Ka fara da tambayar inda motar ta yi rayuwa

Tun kana gida, ka ce a turo maka hoton lambar casis. Haruffa ne da lambobi guda 17. Na farkon yana nuna ƙasar da aka ƙera ta: 1 da 4 da 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan. Amma inda aka ƙera ta ba shi ne ya fi damunka ba, inda ta yi aiki shi ne magana. Idan daga Amurka ko Kanada ta fito, da wannan lamba za ka sayi rahoton tarihinta a Carfax ko makamancinsa, ka ga jihohin da aka yi mata rajista shekara bayan shekara.

A jihohin da ƙanƙara take rufe hanya, irin su Mishigan, Ohayo, Niyok, Fensilbeniya da Minesota, da lardunan Ontariyo da Kibek na Kanada, hukuma tana watsa gishiri a titi duk lokacin sanyi don ya narkar da ita. Tayoyi su fesa wannan ruwan gishirin a ƙarƙashin mota, ya shiga kowane lungu, ya kwana a ciki wata da watanni. Motar da ta shekara goma a can, da wadda ta shekara goma a Arizona ko Nebada inda ƙasa take a bushe, shekarunsu ɗaya amma ƙashinsu ba ɗaya ba ne.

Abin ba ƙarami ba ne ko a can. A 2008 kamfanin Toyota ya fara saye Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su saboda ruɓewar casis. A 2016 kuma ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4, wanda ya shafi motoci kusan miliyan 1.5: Tacoma 2005 zuwa 2010, Tundra 2007 da 2008, da Sequoia 2005 zuwa 2008. Wa'adin shekara 12 na duba casis da canza shi aka ba kowace mota daga ranar da aka fara sayar da ita, ya riga ya ƙare, kuma dama bai shafi wadda ta iso Najeriya ba. Waɗannan shekarun su ne suka cika wuraren sayar da motoci a nan. Akwai waɗanda aka canza musu sabon casis a can kafin su taho, irin waɗannan kuwa riba ce ga wanda ya dace da su. Kada kuma a ɗauka matsalar kamfani ɗaya ce. Ford ne, Chevrolet ne, Nissan ne, duk ƙarfen da ya daɗe cikin gishiri sai ya ciwu.

Ta gida ma tana da nata tarihin. Hilux da ta yi aikin kamfani a Legas ko Fatakwal ko Warri ta sha iskar teku da taɓon fadama. Wadda ta yi aikin gona a nan Filato ta sha taki, shi kuwa takin zamani in ya zube ya haɗu da ruwa yana cin ƙarfe sosai, haka ma fitsarin dabbobi. Irin wannan daga sama take ruɓowa, daga daɓen bayan mota zuwa kan casis. Ka tambayi mai ita kai tsaye: me take ɗauka, ina take kwana, ta taɓa nutsewa a ambaliya? Ko bai faɗa maka duka ba, ka san inda za ka ƙura ido.

Abin da za ka riƙe, da lokacin zuwa

Ƙaramar guduma, doguwar sukudireba mai faɗin baki, tocila mai haske sosai, burushin waya, ɗan mayen ƙarfe, tef na awo, kwali ko tabarma, da tabarau, don tsatsa in ta faɗa ido ba daɗi. Ka sa kayan da ba ka jin tsoron su ɓaci. Ka je da safe, rana tana sama, motar kuma a bushe. Jiƙaƙƙen ƙarfe duk baƙi yake, yana ɓoye aibi, saboda haka in an yi ruwa ko an wanke ta yanzu, ka jira. Idan da hali ka tafi da mai walda ko mai gyaran bodi bayan makanike. Makanike kunnensa yana kan inji, mai walda shi ne ya san muryar ƙarfe.

Mafi kyau a kai ta inda akwai rami ko na'urar ɗaga mota, ko da wurin wankin mota ne mai gadar hawa. In babu, yawancin irin motocin nan suna da tsayin da mutum zai iya shiga a kwance. A kashe inji, a ja birkin hannu, a sa dutse gaba da bayan taya, a bar salansa ta huce. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, balle wadda kake zargin ƙarfenta. Sannan ka nemi izini kafin ka taɓa ta da guduma, dukiyar mutane ce. Mai gaskiya zai ce bismilla. Wanda ya hana, ya riga ya gaya maka abin da ka zo nema.

Kafin ka kwanta, ka ja da baya taku goma ka dube ta daga gefe a wuri mai daidai. Ratar da ke tsakanin gidan direba da bayan kaya ya kamata ta zama ɗaya daga sama har ƙasa, kuma dama da hagu su yi daidai. In ta tsuke a sama ko ta buɗe baki, casis ya fara lanƙwasa a tsakiya. Ka auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya a kowane gefe, tayoyin gaba suna miƙe, ka ga ko awon ya zo ɗaya.

A ƙarƙashi

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa, ko dillali yana ta duba agogo. Ka fara daga gaba a gefe ɗaya ka bi ƙarfen har baya, ka dawo ta ɗaya gefen.

Tsatsa iri uku za ka gani. Ta farko ja ce siririya a saman ƙarfe, kamar ƙurar hunturu. Ka goga burushi, ƙarfe mai santsi ya fito. Wannan ba komai, kusan kowace tsohuwar mota tana da ita, kada ta tsorata ka ka bar mota mai kyau. Ta biyu ita ce wadda ta kumbura tana ɓarewa falle-falle. A nan ƙarfe ya fara raguwa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci cin wuri sau da yawa, don haka ɓawo mai kauri ba lalle ne ya nuna ƙarfen ya ƙare ba, sai ka kankare har ƙasa ka ga abin da ya rage. Amma ka tuna kaurin ƙarfen casis na irin motocin nan bai wuce milimita 3 ko 4 ba a yawancin wurare, babu rarar da za a yi asara da yawa. Ta uku ita ce huda, ko wurin da ya yi laushi yana lotsawa in ka danna. A shirin duba motoci na Toyota da na ambata, hudar tsatsa mai faɗin milimita 10 ta isa a canza casis ɗungurungum. Milimita 10 bai kai faɗin farcen ɗan yatsanka ba.

Ido kaɗai ba ya raba ta biyu da ta uku, sai guduma. Ba dukan huce haushi za ka yi ba, ƙwanƙwasa ce mai ɗan ƙarfi, kamar mai gwada tukunya a kasuwa, duk bayan taƙi guda. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da kaifi, guduma ta yi tsalle ta dawo. Ruɓaɓɓe yana amsawa a dakushe, wani lokaci ka ji abu yana zubowa a ciki. Duk inda sauti ya canza, ka sa sukudireba ka danna da ƙarfin hannunka.

Dalilin wannan wahala shi ne yadda aka ƙera ƙarfen. Wani sashe a buɗe yake ta ciki kamar kwararo, kana ganin fuskokinsa duka. Wani kuwa rufaffe ne kamar akwati, kuma shi ne mai yaudara, domin daga ciki yake ruɓowa. Laka da gishiri su shiga ta ramukan da kamfani ya bari, su toshe mafitar ruwa, su zauna da danshi, waje kuma yana nan da fentinsa. Ka haska tocila ta waɗannan ramuka, ka zura sukudireba ka taɓa ƙasan ciki. In ka ji tana nutsewa cikin tarin ɓawo kamar an zuba tsakuwa, wannan ɓawon daga jikin ƙarfen ya fito. Kyamarar wayarka da filasha a kunne za ta nuna maka abin da kanka ba zai kai ba.

Akwai wuraren da za ka daɗe a kansu. Na farko inda sifirin baya ya kama casis, gaba da baya, domin nauyin kaya duka a nan yake sauka, kuma nan taya take fesa ruwa. Sai inda ƙarfen ya hau sama ya tsallake aksul na baya, da mazaunin shokazoba. Sai tsakiya, daidai bayan gidan direba, inda mota take karyewa in ta karye. Sai gefen tankin mai, inda laka take maƙalewa tsakanin tanki da ƙarfe ba mai wanke ta. Sai kusa da salansa, inda zafi yake ƙona fenti. A gaba kuma, inda aka ɗaure kayan sitiyari da ƙafafun gaba. Kada ka manta da saman ƙarfen, wanda ba a gani sai an laluba da yatsa, da kunnuwan da bodi yake zaune a kansu bisa roba. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu ka ga bakin ya buɗe yana kumburi, tsatsa ce a tsakani take tura su.

Ka ce a sauke safaya. Mutane suna jin nauyin wannan, amma ƙarfen da yake riƙe da ita yana cikin waɗanda suke fara ruɓewa, ita kuma tana rufe shi. A 2009 an janye Tundra ƙirar 2000 zuwa 2003 a jihohin sanyi na Amurka saboda wannan ƙarfen, don tayar tana iya faɗowa a kan titi. In abin sauke ta ya cije ya ƙi juyawa, shi ma labari ne.

Maganar sabon fenti

Motar da ta shekara goma sha biyar, ƙarƙashinta yana ƙyalli kamar jiya aka ƙera ta, dole ka tambayi dalili. Ba kowane fenti ne na ɓoye aibi ba. Akwai mai kula da motarsa da ya kankare, ya sa jan fentin hana tsatsa, sannan ya rufe. Aikinsa za ka gan shi sumul. Na ɓoye-ɓoye kuwa a kan tsatsar ake fesawa, sai ka ga jikin ƙarfen da gurje-gurje kamar bangon da aka yi wa yaɓe da hannu, feshin ya taɓa robobi da wayoyi da salansa har da busasshiyar laka. Mafi muni shi ne baƙin abu mai kauri kamar kwalta. Yana rufe huda, yana kuma riƙe danshi a ƙarƙashinsa, ƙarfe ya ci gaba da ciwo ba a gani. Ka ɗan kankare a wani lungu ka ga abin da ke ƙasa. Ka bi wuraren da kake zargi da mayen ƙarfe. Inda ya ƙi kamawa, ko ya kama a sanyaye, an cike wurin da ƙullun da masu gyaran bodi suke laftawa, wanda ba ya ɗaukar nauyin ko tiya guda.

Faci ma ka dube shi da kyau. Waldar kamfani a jere take, iri ɗaya dama da hagu. In ka ga falle a gefe ɗaya babu irinsa a ɗayan, gyara ne. Gyara ba laifi ba ne in an yanke ruɓaɓɓen har zuwa lafiyayye, an sa ƙarfe mai kaurin na asali. Abin gudu shi ne fallen da aka ɗora a kan ruɓa aka ɗiga masa walda nan da can. Ka ƙwanƙwasa kewayensa, don nan tsatsar take ci gaba. Kana nan a kwance, ka nemo lambar da aka buga a jikin casis, a Hilux gefen dama take, ka gwada ta da ta takardu da ta jikin ƙofa. In tsatsa ta cinye ta ko an yi walda a wurin, ka sayo wa kanka bayani a kowane shingen 'yan sanda da na kwastan.

Kafin ka fito, ka bi siraran bututun birki da na mai da suke manne da casis. Su ma ƙarfe ne, kuma sun fi casis saurin hudewa. In sun kumbura, ko ka ga danshi a jikinsu, kada ka kankare su, ka sa su a lissafin canji. Bututun birki in ya fashe ba ya sallama, wanda ya taɓa gangarowa Hawan Kibo da kaya ya san abin da nake nufi. Ka duba ɗamarar da take riƙe da tanki, sannan ka ɗaga robar da aka shimfiɗa a bayan kaya da tabarmar ƙafar direba ka ga daɓen.

Gwaji, sannan hukunci

Ka tuƙa ta a kwalta, sannan ka sauka hanyar burji mai gargada. Wani ya zauna yana kallon baya: in bayan kaya yana rawa dabam, gidan direba dabam fiye da kima, akwai magana. Ka taka birki da ƙarfi a inda ba kowa, ka ji ko ƙafarka tana nutsewa a hankali. Da kun dawo ka tsaya a wuri mai tsabta, ka sake leƙawa. Girgizar hanya takan zubo da ɓawon da guduma ba ta kai ba, takan kuma tsaga fentin da aka rufe tsaga da shi.

In tsatsar sama kawai ka gani, ka saya da kwanciyar hankali. In ɓawo ne amma guduma ta amsa ko'ina, ƙarfen kuma bai sirance ba, ana iya saye, sai dai ka ɗauki hotuna ka sa mai walda ya yi maka lissafin aiki a wurin, ka cire shi daga kuɗin kafin a sallama. Huda guda a ƙarfen da ya gitta ko a can wutsiya kusa da bamba tana gyaruwa a hannun gwani. Amma huda ko laushi a mazaunin sifirin, ko wurin sitiyari, ko tsakiyar dogon ƙarfe, ko ruɓa a wurare da yawa, shawarata ka bar ta, ko da an rage maka rabi. Abin da ya huda waje ɗaya daga ciki, ya riga ya ci sauran, kuma mu a nan ba ma tausaya wa mota wajen lodi. Kada ka ba da kafin alƙalami sai ka gama duk wannan. Wadda kuma take Kwatano ko Legas ana turo maka hotuna, ka nemi bidiyon ƙarƙashi ana ƙwanƙwasawa kana ji, ko ka tura naka mutum, in ba haka ba cinikin biri a sama ka yi.

Wadda ka saya, ka yi mata aikin ƙarƙashi a cikin hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da iskar Jos take busar da komai. A wanke da ruwa mai ƙarfi har cikin ramukan, a buɗe mafitar ruwan da ta toshe, a bar ta kwana biyu ta bushe, a kankare, a shafa maganin tsatsa da jan fenti, sannan baƙi. Cikin rufaffen ƙarfen kuma a fesa mai mai kauri ta ramukan. Da yawa suna amfani da tsohon baƙin mai, ya fi babu, amma a kiyaye shi daga robobi da birki. In za a yi walda kusa da tanki, a sauke tankin a cire batir. Duk ranar da ka ɗauko taki, ka share bayan motar ka wanke shi a ranar, kada ka bari ruwan Agusta ya same shi a kai.